Hannun Kawu a Farantin Juma'a

Wanda ya bi ta layin bayan masallaci a unguwar Madain Fahd ta Jidda ranar Juma'a da hantsi, hancinsa ne zai fara nuna masa gidan Hajiya Saudatu. Akwai ƙamshin albasa da ta soyu har ta yi ja, da na kanumfari, da na karas da aka yanka siriri don shinkafar bukhari. Can ƙarƙashinsu kuma akwai wani ƙamshin da ba na Hijaz ba, na yajin ƙuli da aka daka a turmi. Gidan a hawa na biyu yake, tagarsa na kallon shagon wani Bayamale, mutumin Yaman, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ta wannan tagar ce muryoyi biyu kan sauko titi, ta mace da ta namiji, duka sun tsufa, suna musu a kan gishiri.

"Yaya Saude, wallahi hannunki ya yi nauyi. Daga teku kika ɗebo ruwan nan?"

"To taso ka dafa, ya ustaz. Ba kai ka ce gwiwarka ba ta tsayuwa ba?"

"Gwiwa ce ta gaji. Harshe yana nan lafiya lau."

Saudatu ta ba sittin baya da 'yan shekaru. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, mai saurin dariya, kuma har yau idan tana ba da labari hannuwanta ba sa zama wuri ɗaya. Namijin ƙanenta ne, Abdulghaffar. Mahaifiyarsu Gaffaru take ce masa, amma yanzu yaro da babba a layin Kawu suke kiransa, har Bayamalen nan.

A unguwar Sharafiyya aka haife su, a ɗakuna biyu da tsakar gida da ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba. Mahaifinsu daga ƙasar Damagaram ya taso da ƙafa yana saurayi, ya ratsa Sudan, ya haye ruwa, ya sauke farali, sannan ya zauna yana sayar da ruwa a garwa biyu rataye da sanda. Ya samu takardun zama ɗan ƙasa a lokacin da abin bai yi wuya ba, kuma ita ce babbar dukiyar da ya bar wa 'ya'yansa uku: Hatim babba, sai Saudatu, sai Gaffaru. Mahaifiyarsu ana kiranta Zinariya saboda haƙorin Makka da ke walƙiya duk sa'ad da ta yi magana. Gyaɗa da dafaffen wake take sayarwa a ƙofar makarantar 'yan mata. Ta tsufa a Jidda, amma Larabcinta bai taɓa wuce na ciniki ba.

Saboda haka, da talabijin ya shigo gidan, Saudatu ta samu aikin da ya zame mata na har abada. Inna Zinariya na son wasannin Masar da ake nunawa kashi-kashi, waɗanda ake kira musalsal, amma ba ta jin abin da suke faɗa. Sai ta zauna a ƙasa, Saudatu na bisa kujera tana yi mata kitso ko tana tsefe mata kai, tana mayar mata da wasan cikin Hausa. Ba fassara kawai take yi ba. Takan ƙara wa mugu mugunta, ta sa wa attajiri kirari, ta ba 'yan Alƙahira sunayen mutanen Sharafiyya. Inna kuwa tana ta faɗa da akwatin. "Kai, bar ta mana! Saude, gaya masa ya bar ta." Maƙwabta suka riƙa shigowa, wasu ma da suka fi Saudatu jin Larabci, don sun ce nata ya fi daɗi.

Ɗaya abin da gidan ya tsaya a kansa shi ne farantin Juma'a. Sau ɗaya a mako ake sayen nama mai yawa. In an sauko daga masallaci sai a shimfiɗa leda a ƙasa, a ɗora babban faranti na shinkafa, naman rago a tsakiya yana tururi. Surukai da jikoki suna da nasu farantin a ɗaya ɗakin. Wannan na Inna ne da 'ya'yan cikinta. Kuma dokarsa ita ce ba mai miƙa hannu ga nama. Mutum ɗaya ne ke yagarsa da yatsunsa, ya tura wa kowa rabonsa gabansa. Aikin mahaifinsu ne. Da ya rasu, kamata ya yi ya koma hannun Hatim, amma Hatim magatakarda ne a tashar jiragen ruwa, yatsunsa sun saba da biro, da ya taɓa nama mai zafi sai ya yarfe hannu. Gaffaru kuwa yakan tsoma yatsu cikin tururi kamar mai ɗebo ruwan alwala. Ya san Inna na son mai laushi na jikin ƙashi, saboda haƙoranta. Ya san Hatim na son kitse. Ya san Saudatu na son gefen da ya ɗan ƙone. Ba ya tambaya, ba ya kuskure. Haka aikin ya tsallake wa ya faɗa hannun ƙane, kuma Hatim bai taɓa cewa komai ba, sai dai bai manta ba.

Tun yana ƙarami Gaffaru ba ya zuwa ƙwallo. Gindin murhu yake zama, yana kallon hannun Inna. Tafiyarsa da lanƙwasar maganarsa sun sa yaran layi sun sa masa sunaye, shi kuma ya koyi mayar musu da baƙar magana mai sa su kansu dariya. Da ya tasa sai ya bi 'yan daudun Bab Makka masu dafa wa alhazai tuwo da miya, ya koyi girkin babbar tukunya a wurinsu, har ya zama ba a bikin da ake ji da shi a cikin Hausawan Jidda ba tare da an kira shi ba. Maganar aure kuwa, Inna ta yi ta har ta gaji. Duk yarinyar da aka nuna masa sai ya yaba tarbiyyarta, ya ce Allah ya ba ta miji nagari.

Sai Lado ya zo. Tela ne daga Kano, dogo mai sanyin murya, ya zo umara ya ƙi komawa, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Suka kama ɗaki ɗaya da Gaffaru kusa da kasuwar atamfa, suka zauna shekara da shekaru. Ga mutane, abokan haya ne. Amma Saudatu ta taɓa kai musu saƙo ta tarar Lado na gyara wa Gaffaru wuyan riga kafin ya fita, a hankali, ba ya ko kallon hannunsa, kamar yadda ita take yi wa mijinta. Ta ajiye saƙon ta yi sallama. Tun daga lokacin, kowace Juma'a, Gaffaru kan ware tsoka ɗaya ya saka a ƙaramin kwanon samira ya rufe. "Na Lado," in ji shi. Inna ba ta taɓa tambaya ba. Wani lokacin ma takan ce, "Ƙara masa shinkafa, dogon mutum ne." Kuma ta daina zancen aure.

Mijin Saudatu direban tasi ne, ya rasu a hatsari a hanyar Madina ya bar ta da 'ya ɗaya. Ta dawo gidan Inna, ta samu aikin guga a wani rukunin gidajen Turawa da ke arewacin gari, a gidan wata Baturiya ma'aikaciyar jinya da take kira Madam. A can ne ta ga wasan da bai bar ta ba.

Wata ranar la'asar ce. Madam na hutu, ta saka kaset ɗin bidiyo da aka aiko mata daga ƙasarsu, ta zauna da audugar share hanci a cinya. Saudatu na tsaye a bayanta tana gugar fararen riguna. Ba ta jin Turanci ko kalma, amma mai shekaru tana karanta fuskokin 'yan wasa ba ta bukatar kalma. Ta ga wani saurayi siriri ya dawo gidan iyayensa, da wani namiji riƙe da jakarsa. A bakin ƙofa, kafin su ƙwanƙwasa, mai jakar ya kai hannu ya gyara masa wuyan riga. Saudatu ta ɗaga dutsen guga ta tsayar da shi.

Ta ga uban ya juya baya ya fita lambu. Ta ga uwar tana wanke kwanon ɗanta shi kaɗai, da safar roba a hannu, tana kuka a kan ruwan. Sai wani wuri da suke zaune duka, ba mai magana, saurayin ya ɗauki lemo ya ɓare shi da yatsunsa da suka rame, ya ɓalli ɓari ɗaya ya miƙa, ba ga kowa ba, ga iska kawai. Hannun ya daɗe a miƙe. Can ƙanwarsa ta karɓa ta jefa a baki, ta tauna tana kallon uwarsu.

"Madam, wannan wace cuta ce?" Saudatu ta tambaya da Larabci.

Madam ta faɗi sunan. A lokacin sunan ya fara yawo a Jidda, ana faɗarsa da raɗa. Larabawa na cewa eidz, sababbin zuwa daga gida na cewa ƙanjamau. Ana cewa sauro na ɗaukarta, kofi na ɗaukarta, har musafaha.

"To ita yarinyar, da ta ci lemon, ba za ta kamu ba?"

Madam ta juyo da idanu jajaye. Larabcinta irin na asibiti ne, guntu-guntu. "Akil, ma fi. Moya, ma fi." Wato abinci ba ya ɗauka, ruwa ba ya ɗauka. Ta kamo hannun Saudatu ta riƙe gam, ta girgiza shi. "Yad, ma fi." Hannu ma haka.

Sai motar da ke mayar da ma'aikata cikin gari ta yi ƙaho a waje, kuma direban ba mai jira ba ne. Saudatu ta ja abayarta ta fita, wasan na ci gaba a bayanta. Ba ta ga ƙarshensa ba. Ba a daɗe ba Madam ta koma ƙasarsu da kaset-kaset ɗinta. Wannan ne wasa na farko da Saudatu ta gani ba ta ba kowa labarinsa ba. Ta naɗe shi ta ajiye a zuciya, ita kanta ba ta san don me ba.

Shekaru suka shuɗe, sun fi goma. Lado ya fara tari, ya fara ramewa, rigunan da ya ɗinka wa kansa suka yi masa yawa. Yana cikin haka aka yi samamen marasa takarda a kasuwa, aka haɗa da shi, aka mayar da shi Kano. Labarin rasuwarsa a bakin wata hajiya ya zo, a tsakiyar wata hira, tsakanin farashin atamfa da gaisuwar mutanen gida. Ba wanda ya zo yi wa Gaffaru ta'aziyya, don ba a san da wane suna za a yi masa ba. Ya dafa babbar tukunyar shinkafa ya rabar a Bab Makka, ya koma ɗaki ya rufe ƙofa. Saudatu ce kaɗai ta je. Ta zauna a bakin keken ɗinkin Lado ta ce, "Allah ya ji ƙansa, Gaffaru. Allah ya ba ka haƙuri." Ya kife kansa a cinyarta kamar yana ɗan shekara biyar.

Shekara ba ta zagayo ba shi ma ya kwanta. Hatim ne ya kai shi asibiti, shi likita ya gaya wa sakamakon: ƙanjamau ce. Da yake ɗan ƙasa ne, aka ɗora shi a kan sababbin magunguna da suka fara zuwa a lokacin, aka ce in ya sha su yana cin abinci sosai zai tashi. Aka dawo da shi gidan Inna, ƙaramin ɗaki na kusa da kicin. A ranar Hatim ya shigo da sabon kwano da kofi da cokali, da ɗan gwangwanin jan fenti daga wurin aikinsu. Ya ɗiga wa kowanne ja a gindi. Ya ce a nan zai ci, a nan zai sha, a wanke su daban, kuma kada ya sake taɓa tukunyar gidan. Inna na zaune ba ta hana shi ba. Tsoro take ji saboda jikoki. Akwai kuma kunya, wadda ta fi tsoron nauyi.

Juma'ar farko Hatim ya zo da wuƙa wurin faranti. Ya yanka naman gunduwa-gunduwa daidai wa daida, kowa ya samu irin na kowa. Aka ci shiru. Ta labulen ƙaramin ɗaki ana jin ƙarar wuƙa a kan ƙarfen faranti, kuma Saudatu ta san yana ji.

Kwanon mai jan ɗigo yadda ya shiga haka yake fitowa. Gaffaru na haɗiyar magani a kan cikin da ba komai, ya amayar. Ƙashin wuyansa ya fito. Likita ya ce in bai ci ba maganin ba zai yi masa amfani ba, kuma jikinsa ba shi da sauran abin kashewa. Saudatu ta gwada salig, shinkafa mai madara, ta gwada kunun gyaɗa, ta gwada miyar kuka irin ta Inna. Ta zauna ta ci daga kwanon nasa a gabansa, da cokalinsa.

"Ka gani? Ban mutu ba. Ci."

Ya yi murmushi. "Ke dai, Yaya Saude, ko guba na ba ki za ki ci don taurin kai." Ya ɗaga hannunsa na dama yana kallonsa. "Hannun nan ya ciyar da rabin Jidda. Yanzu Inna ba ta iya cin abin da ya taɓa. To me zan ci in yi?"

Ta samu Hatim a ƙofar gida. "Yaya, likita fa ya ce ba a ɗauka a abinci. Kana wurin."

"Likita ba a gidan nan yake kwana ba."

"Amma ka ji shi da kunnenka."

"Na ji. Ke kin manta ta inda ya samo ta? Halas, Saudatu. Na bar shi a gidan, na kai shi asibiti. Kada ki nemi fiye da haka."

A nan ta gane ba gardamar likitanci ba ce, kuma ba ta hannun Hatim abin zai warware ba. Mutum ɗaya ce ke da iko a kan wannan farantin.

Ranar Alhamis bayan la'asar Inna ta zauna a ƙasa don kitso, talabijin a kashe, don tun da aka kawo mara lafiya ba a kunna shi ba. Saudatu ta raba gashin da ya yi fari fat, ta shafa mai, ta fara.

"Inna, akwai wani wasa da ban taɓa ba ki ba."

"Na Masar?"

"Na Turawa. A gidan Madam na gani."

"Turawa suna da labari ne? Kullum gudu da mota."

"Wannan ba mota. Wani yaro ne, ɗan mutanen kirki, ubansa kamar mai shago, uwarsa mai tsabta irinki. Ya tafi wani gari neman abinci, ya daɗe. Rannan sai ga shi ya dawo a rame, wani na riƙe masa da jaka."

Ta ba da shi yadda ta saba, da muryar kowa. Amma wannan karon ba ta ƙara wa kowa mugunta ba. Ta ce uban ya fita ne don kada a ga hawayensa. Inna ba ta yi faɗa da kowa ba. Kanta na nan a tsaye ƙarƙashin yatsun 'yarta.

"Shi mai jakar," in ji Inna, "ɗan'uwansu ne?"

Saudatu ta ja numfashi. "A'a. Irin Lado ne, Inna."

Ba a taɓa faɗin haka a gidan ba. Daga waje ana jin mai gas na buga tukunyarsa da ƙarfe yana wucewa, har ƙarar ta yi nisa ta ɓace.

"Ashe su ma suna da shi," in ji tsohuwar a hankali. "Uwar fa?"

"Tana wanke kwanonsa daban, da safar roba. Tana yi tana kuka."

"Uhm."

Sai Saudatu ta ba ta labarin lemon, da hannun da ya daɗe a miƙe, da ƙanwar da ta karɓa. Ta gaya mata abin da Madam ta ce, ta kamo hannun Inna ta girgiza shi yadda aka yi mata.

"Yarinyar ta kamu?"

"Ba ta kamu ba. Ba a kamuwa ta nan."

"Uwar ta ci?"

"Ban sani ba."

"Shi yaron, ya tashi?"

"Ban ga ƙarshe ba, Inna. Mota ta zo."

Inna ta fizge kanta ta juyo, haƙorin zinariya na walƙiya. "Ke wace irin mai labari ce? Ki ɗauko min yaro ki kwantar, ki tsayar da uwa a gaban kwano, sannan ki ce mota ta zo?"

"Abin da na gani ke nan."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta juya ta gyara zama. "Ƙarasa min kitsona. Kin bar ni da rabin kai."

Washegari aka sauko daga masallaci, aka shimfiɗa leda, aka ɗora faranti. Hatim ya yi bisimilla ya ɗauki wuƙa.

"Ajiye," in ji Inna. Ta ɗaga murya, irin wadda take kiran ciniki da ita a ƙofar makaranta. "Gaffaru! Fito, nama na hucewa."

Labule bai motsa ba. Saudatu ta tashi ta shiga, ta same shi zaune a bakin katifa. Ta zuba masa ruwa ya wanke hannu, ta riƙo shi a kafaɗa suka fito. Ya zauna a wurinsa na da, kusa da bango.

"Inna," in ji Hatim, "kin san abin da..."

"Na sani. Na riga ka sani, tun kana zuwa makaranta da gajeren wando. Hisabinsa ba a hannuna yake ba, yana da Ubangiji, kamar yadda kake da shi. Abincinsa ne a hannuna. Kuma ni haƙorana ba sa son naman wuƙa. Makonni ke nan ina haɗiyarsa a dunƙule ban ce komai ba." Ta dubi ƙaramin. "Yalla. Ka san nawa."

Yatsunsa sun rame, amma da suka shiga tururi sai suka tuna hanya. Ya lalubo mai laushi na jikin ƙashi ya tura gaban Inna. Ta ɗauka ta haɗa da shinkafa ta kai baki, ta tauna a hankali, ba ta kalli kowa ba. "Yawwa," ta ce. Ya tura wa Saudatu gefen da ya ƙone. Ya ɗan tsaya, sannan ya ciro kitse ya tura gaban wansa.

Hatim bai tashi ba, amma bai ci ba. Ya ci shinkafar da ke kewaye da kitsen har ya bar shi shi kaɗai a kan ɗan tudu. Gaffaru ya gani. Ya kai hannu gabansa ya yi loma ɗaya, ya yi ta biyu. Saudatu ta sunkuyar da kai tana cin nata, don kada kallonta ya tsayar da shi. A ranar abincin ya zauna a cikinsa.

Haka aka yi ta yi. Kowace Juma'a yana tura kitsen, kowace Juma'a yana nan a kan tudunsa har a ɗauke faranti. Wuyan Gaffaru ya ciko, ya fara fita masallaci, ya fara gyara wa Saudatu girki daga bakin ƙofar kicin. Can wata Juma'a bayan Babbar Salla, da Saudatu ta zo ɗauke faranti, ta ga gaban Hatim wayam. Ta dubi Inna, Inna ta dubi silin, aka kawo shayi.

Gaffaru bai koma girkin biki ba, don magana ta riga ta zaga, kuma masu kiransa sun daina. Wannan ya yi masa ciwo, har yau in an yi zancen yakan yi shiru. Ya koma haɗa yaji da kayan ƙamshin shinkafa, Saudatu na kai wa shaguna, kuma a hankali waɗanda suka guje shi suka riƙa aiko yara saye. Inna Zinariya ta rayu har ta ga tattaɓa-kunne. A jinyarta ta ƙarshe ba ta karɓar abinci daga hannun kowa sai nasa. Bayan rasuwarta suka bar Sharafiyya suka dawo Madain Fahd, wa da ƙanwa a unguwa ɗaya, Saudatu da Kawu a gida ɗaya. Yanzu ƙwaya ɗaya yake sha a rana, yana ajiye ta kusa da ta hawan jinin Saudatu, suna tuna wa juna da faɗa. Kwanon nan mai jan ɗigo yana bakin taga, an ɗora tukunyar ɗoɗɗoya a kansa don ya tare ruwa.

Hatim na zuwa duk Juma'a da sandarsa. Likita ya hana shi kitse, 'ya'yansa na sa masa ido, amma Kawu ya iya ɓoye ɗan guntu a ƙarƙashin shinkafa ya tura, Hatim kuma ya iya cinye shi da fuskar mai karanta jarida.

Jikar Saudatu, Wejdan, tana karatun jinya. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta amsa sai Larabci ya riga ta. Ita ce ta ji labarin wasan nan kwanan baya, suna yankan karas, ta zaro wayarta da murna.

"Sitti, wallah zan nemo miki shi. Komai yana nan yanzu. Ki gaya min bas, wace shekara, yaya kamar yaron? Ki ga ƙarshen, ba ki so?"

Saudatu ta yi tunani da gaske, wuƙa a hannu. Ta tuna saurayin siriri da hannunsa a miƙe. A zamanin da aka yi wasan babu magani, wannan ta sani yanzu, kuma ta san abin da mai yiwuwa ne kaset ɗin ya nuna bayan motar ta tafi da ita.

"Bar shi, 'yar nan," ta ce. "Na bar shi yana da rai, ƙanwarsa na cin lemo. A nan nake son sa."

Daga falo muryar Kawu ta taso. "Wai yau za a ci abincin nan, ko sai an yi la'asar? Yaya Hatim har ya fara gyangyaɗi."

"Ƙarya yake, idona biyu," in ji Hatim.

Aka shimfiɗa leda, Wejdan da kakarta suka ɗauko farantin tare. Kawu ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya tsoma yatsu cikin tururi. Ya tura wa Saudatu gefen da ya ƙone. Ya tura wa Wejdan tsoka marar ƙashi, don ya san ba ta son ɓata farce. Ya yi abin da ya saba yi wa Hatim. Sannan ya jawo ƙaramin kwanon samira da fentinsa ya koɗe, ya saka tsoka ɗaya mai kyau. Wannan in an gama akan sauka da shi a ba Bayamalen shago ko duk wanda aka samu a bakin titi, sadaka, kuma duk gidan sun san da sunan wa.

Zai rufe kwanon Saudatu ta tare hannunsa, ta ɗebo shinkafa daga gabanta ta ƙara.

"Dogon mutum ne," ta ce.